Tarin Kaka Otari

Dare ya raba a Kutaisi,
kogin Riyoni na gunaguni a ƙarƙashin gada.
Shayina ya huce tun ɗazu,
ni da kwamfuta mun yi jugum, kowa na kallon kowa.
Makirufo takwas na shuka a zaure,
ga su sun tsiro layi takwas,
suna hawa suna gangara kamar duwatsun bayan gari.

Wasan ranar Asabar ne.
Maza tara a dandamali, babu kiɗa ko ɗaya,
murya uku ke tufka igiya guda:
ta sama na shawagi,
ta tsakiya na riƙe da zance,
ta ƙasa kuwa ta kakana ce, Otari,
mai shekara tamanin da ɗaya,
wanda ya ce daga ranar ya sauka,
sai dai ya rera wa kurangar inabinsa.

Gocha mai gyaran lasifika ya ce da ni,
"Nutsa, manhaja uku na sani.
Ki ɗanɗana, kunnenki ya yi miki alƙalanci."

Ta farko 'yar ƙwalisa ce,
maɓallanta sun fi gashin kaina yawa.
Lari sittin take so duk wata,
ranar da na gaza, ta ja ƙofa ta kulle
da muryar kakana a ciki.
Kayan aro ba ya rufe katara.
Na sallame ta.

Ta biyu sarkin wayo,
maɓalli ɗaya tal, wai ita za ta yi shara.
Na danna.
Ta share ƙarar kujera,
ta share ruwan da ke dukan rufi,
ta share jaririn da ya tsala ihu a sahun baya,
ta share wani tari a minti na sha huɗu.
Na saurara, tas kamar faranti,
sai dai waƙar na reto babu ƙafa.
Ashe da ta ji kaurin muryar tsoho
ta ɗauka rugugin bas ne a titi,
ta haɗa shi da shara ta zubar.
Garin neman gira.

Ta uku kyauta ce, ba ta da fasali,
toka-toka kamar bangon ofishin haraji.
Sau biyu tana sumewa a hannuna,
sau biyu ina sake ɗaukar kayana daga tushe.
Amma ba ta taɓa yanke hukunci a bayan idona ba.
Na nemo inda wani ya riga kowa tafi,
na jera layukan nan takwas a kan tafin nasa.
Na ɗaga na shida da ɗan yatsa, kaɗan kaɗan,
har ƙasa ta dawo ƙarƙashin waƙar.
Na zuba amsa-kuwwar zaure kamar gishiri,
ta yi yawa, na rage.
Tsakanin waƙa da waƙa na bar tafi ya mutu da kansa,
na bar ruwan saman ya ci gaba da zuba.
Tarin nan ne ya tsaya min a wuya.
In cire? In bari?
Har zakaran maƙwabta ya yi cara ban yanke ba.

Da hantsi na same shi a gindin inabi,
almakashi a hannu.
Na ɗora masa abin ji a kunne,
ya rufe ido, leɓensa na motsi.
Da aka zo minti na sha huɗu na ce,
"Kaka, wannan zan iya gogewa."

Ya buɗe ido ɗaya.
"Ki goge me?
Zaza ne ya ɓace hanya, yaron nan na murya ta sama,
na yi masa gyaran murya ya gane ƙofa.
Saurari yadda ya shigo."

Na mayar baya. Tari, sai numfashi guda,
sai Zaza ya faɗo daidai kan gaɓa.

Tsoho ya miƙo min abin jin,
ya koma kan reshensa.
"Ƙara min ruwan saman," in ji shi,
"a daren ya fi haka ƙarfi."